Rubutun Da Na'ura Ke Karantawa: Abin Da Wani Ɗalibi Ɗan Ƙasar Gobir Ya Gano

Akwai wata sana'a da samarinmu ke yawan ambato a wannan zamani, iyaye kuwa ba su san kanta ba balle gindinta, watau rubuta manhajar kwamfuta. Duk wanda ya karɓi kuɗin hatsi ko na albasa ta na'urar POS a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, musamman a farkon 2023 sa'ad da aka sauya takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya, to ya ci moriyar wannan sana'a ko da bai sani ba. Gama na'ura ba ta da hankali, ba ta kuwa da niyya. Duk abin da ka ga ta aikata, wani ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta mata umarni daki-daki, ya ce in an taɓa nan yi kaza, in kuɗin bai isa ba ƙi biya.

Asalin abin ba baƙo ba ne gare mu. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan jerin umarni da ita, algoridim, daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Hawarizmi aka samo ta, malamin hisabi da ya zauna Bagadaza, ya wallafa littafin aljabaru wajen shekara ta 820. A nan kusa kuma akwai Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a kan ilmin wafaƙi wajen 1732, ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Kowane malami ya san musallasi, gidaje 9, ta ko'ina ka lissafa 15 za ka samu. Ya san muhammasi, gidaje 25, jimla 65. Ka'idar da ake bi a cika waɗannan gidaje ba tare da laluben duhu ba, ita ce ainihin abin da ake nufi.

Da wani ɗalibi ɗan ƙasar Isa, wanda ya sauke a hannuna kafin ya tafi jami'a a Sakkwato, ya zo hutu, na zaunar da shi kwana da kwanaki ina tambayarsa abin da ya gano a cikin wannan karatu. Shi ne zan kawo muku, tare da nawa ra'ayi inda ya kamata.

Ya ce harshen da suka fara da shi ana kiransa Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar cikin 1991. Kalmominsa na asali ba su kai 40 ba, har yaro mai kaifin hadda zai iya kwashe su tsakanin azahar da la'asar. Sai dai a nan ne ya ga bambanci na farko da makarantar allo. A wurinmu hadda ita ce manufa, wanda ya kiyaye bai ƙara ba bai rage ba shi ne gwani. Can kuwa hadda ba ta kai mutum ko bakin ƙofa, domin kowace rana wata matsala ce sabuwa, shi kuma ake jira ya ƙago mata hanya. Ya ce wata 3 ya yi yana haddace misalan littafi, ran da aka ba shi aikin da ba ya cikin littafi sai ya tsaya cik.

Amma inda allo ya yi masa rana shi ne wajen ɗigo. Yaron da ya tashi da rubutun Warshu ya sani tun yana ƙarami cewa fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗaya a bisa, in ya sauya musu wuri ya sauya ma'ana. To, haka na'ura take, har ma ta fi kowane malami tsanani, domin malami in ya ga kuskure ya kan gane abin da kake nufi ya gyara maka, ita kuwa waƙafi ɗaya in ya ɓace sai ta ƙi aikin baki ɗaya. Abokansa da yawa su kan fusata su rufe kwamfuta. Shi kuwa da ya saba a duba masa allo a ce je ka wanke ka sake, bai ga abin fushi ba. Na gwada shi da wafaƙi. Ya rubuta ka'idar nan da aka sani, a sa 1 a tsakiyar layin bisa, a riƙa hawa a karkace, in an fita a dawo ta ɗaya gefen, in gida a cike yake a sauko ƙasa. Layukan da ya rubuta ba su cika shafi guda ba. Sa'an nan ya ce wa na'ura ta yi mai 99 sau 99, watau gidaje 9,801, kafin in gyara zama ta gama, kowane layi 485,199. Aikin da zai ci wa marubuci kwanaki ke nan, da tawada mai yawa.

Kuskuren da ya fi ba shi tsoro, in ji shi, ba wanda na'ura ke ƙi ba ne, wanda take karɓa ne ta fitar da amsar da ba daidai ba, ba ta ce uffan ba. Fatake su lura da wannan. Ya taɓa tsara wa wani ɗan'uwansa mai sayen hatsi manhajar rubuta bashi. Lissafi ya tafi daidai, amma abin bai yi amfani ba. Dalili kuwa, ya ɗauka tiya ɗaya ce ko'ina, alhali tiyar wannan kasuwa ba ta zama daidai da ta waccan. Ya ɗauka kowane bashi yana da ranar biya, alhali bashin ƙauye sai kaka. Bai kuma yi tanadin wanda ya karɓa da naira zai biya da sefa ba, ga shi kuwa ƙasar Maraɗi na maƙwabtaka da mu. Sai da ya zauna a rumfa kasuwa 4 yana kallo yana tambaya kafin ya sake rubutawa. Ni a ganina wannan shi ne mafi girman abin da ya koya, kuma ba a aji ya koye shi ba.

Wahalar wurinmu kowa ya san ta. Wuta sai ta hasken rana ko janareta, hanya kuwa sai da addu'a. Cikin Satumba 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Lokacin yana gida yana koyon abin da kansa. Ya ce a littafi ya riƙa rubuta umarnin da biro, ya bi shi layi-layi da yatsa kamar shi ne na'urar, yana rubuta abin da zai fito. Yau shi ne ke gano wa abokansa kuskure da ido kafin a gwada.

Game da manhajojin nan masu amsa tambaya, irin ChatGPT da ta fito cikin Nuwamba 2022, ya ce suna rubuta umarni cikin ƙiftawar ido, kuma yana amfani da su. Amma su kan yi kuskure da cikakkiyar natsuwa, wanda bai ƙware ba kuwa ba zai gane ba. Wannan mun san shi. Almajirin da ke ba wani yana rubuta masa allo, ran da aka ce ya ja baƙi shi kaɗai asirinsa ke tonuwa.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye, watau ajami. Ku sani na'ura ba ta san harafi ba sai lamba, akwai kuma wani babban kundi na duniya mai suna Unicode, wanda aka fara fitarwa cikin 1991, inda kowane harafi na kowane harshe ke da lambarsa. Harafin da ba ya ciki, a wurin na'ura babu shi. Sai cikin 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutunmu, masu ajiye ɗigonsu a ƙarshen kalma. Cikin 2020 aka ƙara wasu guda 2 domin Hausa, masu ɗigo uku a bisa. Salon rubutun Kano mai kauri kuwa, ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL da ke Amurka ce ta mayar da shi na kwamfuta, ta sa masa suna Alkalami. Madalla da aikinsu, amma abin kunya ne a ce rubutun da aka gada tun kafin faɗuwar Alƙalawa cikin 1808, wasu ne daga nesa ke nema masa wuri. Mun yi ta kuka sa'ad da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira cikin 2007, da ta 100 cikin 2014, ba mu kuwa tura ko yaro ɗaya inda ake wannan aiki ba.

Yanzu ɗalibin nan yana ƙoƙarin mayar da manhajar bashin ta zama da ajami, domin yawancin dattawan kasuwa da shi suke rubutu. Inda ya tsaya ba laifin na'ura ba ne. Wani in zai rubuta ɓa sai ya bar ta kamar ba, wani ya ƙara mata ɗigo. Haka tsa, haka wasalin e da na o, kowane zaure da irin nasa. In aka rubuta sunan mai bashi iri biyu, na'ura za ta ɗauka mutum biyu ne, ta raba bashin gida biyu. Ya roƙe ni in tara masa malaman Isa da na Sabon Birni su daidaita a kan haruffa kamar 10, ya rubuta su a takarda, na kuwa aika da ita ga waɗanda na sani. Duk malamin da ke da ta cewa a kansu, ya aiko ta hannun editan wannan shafi kafin ɗalibin ya koma Sakkwato.