Tsakanin Sa'a da Ƙwarewa: Tsarin Gasannin Birij na Kulob-kulob a Kuala Lumpur

Tsakure

Maƙalar ta bayyana yadda ake tsara gasannin wasan karta na birij a matakin kulob, ta ɗauki birnin Kuala Lumpur na Malesiya a matsayin misali. Ta nuna cewa tsarin maimaita rabo, wanda ke sa ’yan wasa da dama su buga kati iri ɗaya, shi ne ginshiƙin da’awar cewa birij gasar ƙwarewa ce ba caca ba.

1.0 Gabatarwa

A tunanin Bahaushe, karta da caca ɗanjuma ne da ɗanjummai. Dara kuwa wasan dattawa ce, domin tunani ne ke cin ta. Birij ya saɓa wa wannan rabe-raben: da karta ake buga shi, amma Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da Ƙungiyar Birij ta Duniya, wadda aka kafa a 1958, a matsayin hukumar wasanni a 1999. Malesiya wuri ne da ya dace a duba lamarin, domin Musulunci ne addinin ƙasa, caca na ƙarƙashin tsauraran dokoki, kuma duk da haka ƙasar na tura tawagar birij zuwa gasannin ƙasa da ƙasa.

2.0 Yadda Wasan Yake

Mutum huɗu ke buga birij, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokin tafiyarsa. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13. Da farko akan yi tayi kamar na gwanjo: kowane ɓangare na faɗar yawan zagayen da yake ganin zai ci cikin 13, da dangin katin da zai fi ƙarfi. Tayin da ya fi tsada shi ne alkawari. Idan ɓangaren da ya ɗauke shi ya cika, ya sami maki. Idan ya gaza, makin ya koma ga abokan hamayya. Harold Vanderbilt, wani attajirin Amurka, shi ya tsara lissafin makin da ake bi a yau a shekarar 1925.

Idan mutum huɗu kawai suka zauna suna bugawa, wanda manyan katuna suka faɗo wa zai fi samun galaba a zama guda. Hannun da ɗan wasa zai iya samu ya haura iri biliyan 635, don haka rabo ba ya daidaituwa cikin yammaci ɗaya. Matsalar da tsarin gasa ya zo ya warware ke nan.

3.0 Tsarin Maimaita Rabo

A 1857 aka gwada wata dabara a Landan, a wasan wist wanda birij ya samo asali daga gare shi. Henry Jones, wanda aka fi sani da Cavendish, da abokansa suka sa ƙwararru da matsakaitan ’yan wasa su buga rabo iri ɗaya a tebura biyu, sai ƙwararrun suka yi rinjaye. A yau ba a cakuɗa katin bayan an gama bugawa. Kowa na mayar da katunansa 13 cikin aljihunsu a wata ’yar ma’ajiya mai aljihu huɗu, a miƙa ta tebur na gaba. Ta haka ake auna ɗan wasa da waɗanda suka riƙe ainihin katin da ya riƙe, ba da wanda ke zaune kusa da shi ba.

Hanyoyi biyu ne suka shahara wajen zagayar da mutane da katuna, kuma dukansu sun fito daga Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. A tsarin John Mitchell, masu zama arewa da kudu ba sa tashi, na gabas da yamma ke zagayawa, katuna kuma su bi ɗaya gefen. A tsarin Edwin Howell, wanda ya fi dacewa da ƙaramin taro, kusan kowane biyu za su haɗu da sauran duka. Zama guda kan ƙunshi rabo 24 zuwa 27, cikin kimanin sa’a uku.

4.0 Gasar Bibbiyu da Gasar Tawaga

A gasar bibbiyu, wadda ita ce abincin yau da kullum na kulob, ba girman maki ake dubawa ba sai yawan waɗanda aka zarce. Misali, idan an buga rabo ɗaya a tebur bakwai, shida suka sami 420, ɗaya ya ƙara zagaye guda ya sami 450, to wannan shi ya ɗauke cikakken makin rabon.

A gasar tawaga ta mutum huɗu, wadda akan gina lig a kanta, biyu na zama arewa da kudu a tebur ɗaya, sauran biyun su zauna gabas da yamma a ɗayan. Ana mayar da bambancin sakamakon teburan zuwa wani ma’auni na ƙasa da ƙasa. Ratar 30 da ke tsakanin 420 da 450 maki 1 ce tak. Amma idan tebur ɗaya ya cika alkawari ya sami 420, ɗayan ya gaza ya yi asarar 50, ratar 470 ta zama maki 10. Saboda haka mai wasan bibbiyu kan yi kasada don ƙarin zagaye guda, mai wasan tawaga kuwa kare alkawarinsa ne a gabansa. Ƙungiyoyin ƙasashe kan ajiye tarin makin ƙwarewa na kowane ɗan wasa, wanda ke nuna matsayinsa.

5.0 Kuala Lumpur

Wasannin karta na Turawa sun shiga birnin ta kulob-kulob ɗin zamanin mulkin Ingila, irin su Royal Selangor Club da aka kafa a 1884 da Royal Lake Club na 1890. A yau Ƙungiyar Birij ta Malesiya ce ke kula da wasan, kuma mamba ce a ƙungiyar yankin Asiya da Fasifik, wadda ta faro a 1957. Kuala Lumpur ta karɓi baƙuncin gasar yankin a 2011. A 2018 aka sa birij cikin Gasar Wasannin Asiya karo na farko, a Jakarta, inda Malesiya ta halarta, kuma attajirin Indonesiya Michael Bambang Hartono ya sami lambar tagulla yana da shekara 78. Duk wanda ya kai wannan mataki, daga teburin kulob ya fara.

Ta fuskar doka, dokar gidajen caca ta 1953 ce ke aiki kan kowa, sannan dokar laifuffukan Shari’a ta yankunan tarayya ta 1997 ta haramta wa Musulmi caca. Gasar maimaita rabo ba ta ginu kan zuba kuɗi a kan kati ba: kuɗin shiga ake biya, abin da ake nema kuma matsayi ne.

6.0 Inda Muhawara Ta Rage

Malesiya na bin mazhabar Shafi’iyya, wadda malamanta suka bambanta wasan da ya dogara ga tunani da lissafi, kamar shaɗaranji, wanda suka ɗauka makaruhi idan babu kuɗi, da wanda ya dogara ga sa’a, kamar nardi mai ƙwayar jefawa, wanda suka haramta. Wasu daga cikinsu sun sa karta a rukuni na biyu. A ƙasar Hausa kuwa, Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana duka biyun. Ko maimaita rabo ya isa ya sauya rukunin da birij ke ciki, hukunci ne na malaman fiƙihu, amma ba zai yiwu ba sai an fahimci tsarin.

Hukumomin zamani ma ba su yi ittifaƙi ba. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa birij ba wasan motsa jiki ba ne ta fuskar haraji, ko da yake ta yarda yana buƙatar tunani. Sa’a ma ba ta gushe ɗungurum ba, domin ana iya haɗuwa da masu rauni a rabo mai wuya, ko kuskure ya zo da riba. Shi ya sa lig mai tsawon makonni ya fi zama guda tantance gwani.

7.0 Kammalawa

Abin da ya raba gasar birij da caca yana cikin tsarin gasar ne, ba cikin katin ba. Mai nazarin wasannin Hausa zai iya ɗaukar wannan ma’auni ya auna dara da karta da sauransu: a tambayi yawan abin da sa’a ke yankewa a kowanne, da irin tsarin da zai rage shi har ƙwarewa ta bayyana.