Motata ta tsufa: in gyara ta ko in sayar? Kuma wajibi ne in faɗi aibinta?

Tambaya

Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, da ita nake zuwa aiki da kai yara makaranta. Yanzu tana shan baƙin mai, tana fitar da hayaƙi, giya ma ta fara wahalar shiga. Bakanike ya ce sai an sauke inji. Wani dillali kuma ya ce in zuba mata baƙin mai mai kauri, in yi mata fenti, zai sayar mini da ita da tsada. Me ya kamata in yi?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko:

Gyara motar da sayar da ita duk halal ne. Zaɓi tsakaninsu lamari ne na maslaha, sai dai shari'a ta hana ɓarnatar da dukiya. Wanda yake ta zuba kuɗi a motar da ba za ta tashi ba yana ɓarna, haka ma wanda ya rabu da mota mai sauran amfani don kawai a gan shi da sabuwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka nemi sanin abubuwa uku kafin ka yanke hukunci: kuɗin gyaran gaba ɗaya, farashin motar a halin da take ciki, da farashin wadda za ta maye gurbinta. Ka kuma lissafa abin da ka kashe a gareji cikin wata 12 da suka wuce. Idan gyara ɗaya ne babba, kamar sa wa inji sabon ringi, wanda bayansa motar za ta ƙara shekaru tana aiki, to gyara ya fi sauƙi a kan sayen wata tsohuwar da ba ka san tarihinta ba. Idan kuwa inji da giya da lantarki suna lalacewa bi da bi, kuma kuɗin gyaran ya kusa kai farashin motar, sayarwa ta fi.

Launin hayaƙin ma yana da abin da yake nunawa. Shuɗi alama ce ta inji yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi yakan nuna ruwan lagireto yana shiga cikin inji. Baƙi kuma alama ce ta fetur ya yi yawa, kuma sau da yawa gyaransa ya fi na sauran sauƙi. Ka kai ta wurin bakanike na biyu, wanda ba shi da wata riba a hukuncin da za ka yanke.

Na biyu:

Akwai gyaran da ba a jinkirta shi: birki, taya da sitiyari. Ba ya halatta ka ɗora iyalinka a motar da ka san birkinta ba ya kamawa, domin hakan jefa rayuka ne cikin halaka, naku da na sauran masu bin hanya. Haka nan tsatsar da ta ci ƙashin motar daga ƙasa, fenti ba ya maganinta.

Na uku:

Shawarar dillalin haramun ce, domin algushu ce. Baƙin mai mai kauri yana rage hayaƙi da ƙara na ɗan lokaci, sai mai saye ya zaci injin lafiyayye ne. Wannan daidai yake da abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana na barin nono ya taru a hantsar raƙuma ko tumaki don mai saye ya ɗauka masu yawan nono ne. Ya ba wanda aka yaudara zaɓin ya riƙe dabbar, ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi. Hukuncin ya haɗa da mayar da mitar kilomita baya, da rufe wurin haɗari da fenti sannan a ce ba ta taɓa buguwa ba.

Wanke mota da yi mata fenti don ta yi kyau babu laifi, matuƙar ba a ɓoye aibi da shi ba. Wajibi ne ka bayyana duk aibin da ka sani wanda yake rage farashi, ko da ba a tambaye ka ba. Cewa "ka saya yadda ka gan ta" ba ta sauke maka zunubin abin da ka sani ka yi shiru. Idan mai saye ya gano aibin daga baya, yana da haƙƙin mayar maka da ita ya karɓi kuɗinsa. Dillalin da ya san aibin ya rufe shi, shi ma yana da nasa kason na zunubi.

Ba shakka bayyana aibi zai rage kuɗin da za a taya. Amma hadisin Hakim bin Hizam a Buhari da Muslim ya nuna cewa gaskiya da bayani su ne suke jawo albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuma suna shafe ta.

Na huɗu:

Idan ka sayar, kada ka cike kuɗin wata motar da bashin ruwa, domin riba ce. Ya halatta ka saya a biya kaɗan-kaɗan ko da farashin ya ɗara na hannu, da sharaɗin mai sayarwa ya mallaki motar kafin ya sayar maka, a yanke farashi ɗaya tun farko, kuma ba a ƙara shi saboda jinkiri. Idan hanyar da ta rage maka ita ce bashin ruwa, ka gyara wadda kake da ita, ko ka sayi wadda kuɗinka zai isa.

Ka yi shawara da masana, ka yi istihara, sannan ka dogara ga Allah. Muna roƙon Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya sanya albarka a dukiyarka.

Allah ne Mafi sani.