FASHIN BAƘI: Inda Kiristocin Jega, Aliero da Maiyama ke samo ƙarfin zuciya

A watan Maris na 2025 azumi biyu suka haɗu. Musulmi sun ɗauki na Ramadan ranar Asabar 1 ga wata, Kiristocin da ke kiyaye azumin kwana 40 kafin Ista kuma suka shiga nasu ranar Laraba 5 ga wata. A daidai lokacin ne gwamnatocin Kebbi, Kano, Katsina da Bauchi suka rufe makarantu saboda Ramadan. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta soki matakin, har ta yi barazanar garzayawa kotu. Muhawara ta yi zafi a Abuja da shafukan Facebook, amma ba a cika jin muryar wanda abin ya shafa kai tsaye ba: malamin makaranta Kirista a Jega, wanda washegari zai gaisa da maƙwabcinsa mai azumi, ya sayi hatsi a wurinsa, su ci gaba da zama.

Jega, Aliero da Maiyama ƙananan hukumomi ne uku cikin 21 na jihar Kebbi, duka a ƙarƙashin masarautar Gwandu, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Musulunci ya yi jijiya a nan, kuma jihar na cikin waɗanda suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Kiristoci tsiraru ne. Akwai 'yan kasuwa daga kudu da babbar kasuwar Jega ta jawo, akwai ma'aikatan lafiya, malamai da 'yan sanda, akwai masu yi wa ƙasa hidima. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da aka kafa a Aliero a 2006 ta ƙara kawo ɗalibai. Sannan akwai 'yan asalin jihar daga ƙasar Zuru da Yauri, inda coci-coci irin su UMCA suka daɗe da kafuwa. Waɗannan na ƙarshe ba baƙi ba ne, ko da yake sau da yawa kallon baƙi ake yi masu.

Me ake nufi da girma cikin ruhaniya?

A koyarwar Kirista, bangaskiya abu ce mai tsiro da girma, kuma ana gane girmanta a hali. Wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura ta 5, ta kwatanta kyawawan halaye da 'ya'yan itace da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa a cikin mutum, ta sa haƙuri da kamun kai a cikinsu. Ma'anar ita ce ƙarfin zuciya baiwa ce daga Allah, aikin mai bi shi ne ya gyara gonar da za ta tsira. Hanyoyin gyaran sanannu ne: addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki, azumi, tuba, da zumunta da sauran masu bi. 'Yan Katolika na ƙarawa da halartar Mas da furta zunubi gaban limami, ECWA da takwarorinta na ba karatun kullum muhimmanci, 'yan Fentikos kuma an san su da addu'ar dare.

Abin da ya bambanta Kiristan ƙasar Hausa shi ne harshen da yake yin duk wannan da shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a ciki. Kalmomin ibadar da aka yi amfani da su, Allah, annabi, mala'ika, addu'a, sujada, gafara, su ne dai waɗanda maƙwabci Musulmi ke furtawa kullum. Saboda haka matar da ta fito daga taron Zumuntar Mata ta tarar da rasuwa a gidan maƙwabciyarta ba ta neman tafinta. Ta san abin da za ta ce, ta san kuma abin da za a amsa mata. Wannan kusanci na harshe yana sauƙaƙa zama, amma yana da nasa nauyi, domin kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu, kuma kuskuren baki a kan abin da ɗaya ɓangaren ke girmamawa ba a ɗaukarsa da wasa.

Zumunta ita ce ginshiƙi

A manyan birane mutum na iya sauya coci kamar yadda yake sauya tela. A garin da masu bi ba su da yawa ba haka abin yake ba. Ƙaramar ikilisiya ita ce dangi, ita ce adashe, ita ce mai zuwa dubiya asibiti, ita ce mai haɗa kuɗin motar da za ta kai gawa garinsu. Zumuntar Mata, wadda kusan kowace cocin Arewa ke da ita, ta fi kowa ɗaukar wannan kaya, kuma da wuya a ga sunanta a jarida. Ga ɗalibai akwai ƙungiyar FCS, wadda ta faro a Gindiri a 1957 ta bazu a makarantun Arewa. Ga masu yi wa ƙasa hidima akwai NCCF, wadda kan tarbi sabon zuwa ta ba shi masauki kafin ya san gari. Yaron da aka turo Maiyama daga Enugu, bai taɓa jin Hausa ba, a irin wannan zumunta yake koyon abin da ba a rubuta a takardar turo shi ba: yadda ake gaisuwa, irin tufafin da ya dace, da dalilin da ya sa ba a cin abinci a bainar jama'a da rana a watan azumi.

Wani zai ce wannan dabarar zaman duniya ce kawai, ba ruhaniya ba. Masu bi ba sa raba su. A wurinsu, danne fushi lokacin da aka kira mutum arne, da ƙin rama gayya, da yi wa wanda ya ɓata maka addu'a, su ne jarrabawar da ke nuna ko karatun safe ya shiga zuciya.

Ranar da jarrabawar ta yi tsanani

Ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin ɓatanci. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya nemi a hukunta masu laifi, ya kuma roƙi Kiristoci su kwantar da hankali. Bayan kwana biyu zanga-zanga ta ɓarke, aka kai hari kan babbar cocin Katolika ta birnin, gwamnati ta sa dokar hana fita. Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta Tambuwal ita ce ke biyowa ta ƙasar Aliero ta shiga Jega, kuma tsoro ya fi mota gudu. A irin wannan mako ne ake gane amfanin abin da aka gina a shekarun lafiya, a cikin coci da kuma tsakanin maƙwabta.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa a Kebbi bindiga ba ta tambayar addini. Harin Lakurawa a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 Musulmi ya kashe. An sace ɗalibai a Birnin Yauri a Yunin 2021, aka sake sace 'yan mata a Maga a Nuwamban 2025. Lokacin da Shugaba Donald Trump na Amurka ya mayar da Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025, Kiristan Jega ya tsinci kansa tsakanin masu cewa ana yi masa kisan ƙare dangi da masu cewa ba shi da wata matsala ko kaɗan. Duka biyun ba su siffanta rayuwarsa ba.

Haƙuri ba amincewa ba ne

A nan ne batun ya shafi siyasa. An ce mahaƙurci mawadaci, amma masu mulki sun iya fassara shirun mai haƙuri a matsayin yarda. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, a ɓoye ko a fili, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda addini. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin filayen karkara. Shugabannin Kiristoci a Arewa sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun takardar fili don gina coci, da ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda Bulus, wanda ya fi kowa wa'azin haƙuri, ya kafa hujja da 'yancinsa na ɗan ƙasar Rum lokacin da za a yi masa bulala ba tare da shari'a ba.

Ƙananan hukumomin uku na cikin mazaɓar sanatan Kebbi ta Tsakiya, wadda tsohon gwamna Adamu Aliero ya sha wakilta. Ƙuri'un Kiristocinsu ba su kai su sauya sakamakon zaɓe ba, shi ya sa ɗan takara ba ya jin dole ya tsaya ya saurare su. Filin ibada, filin maƙabarta da malamin addini a makarantar gwamnati kuwa duk suna hannun shugaban ƙaramar hukuma da gwamnatin Birnin Kebbi, waɗanda za su dawo neman ƙuri'a.