Ramin Taki: Aikin Rani Da Ke Biya Da Damina

Manomin Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura ba sai an gaya masa amfanin taki ba. Tun kaka da kakanni, rani na tsayawa ake kwashe juji da sharar turke, a loda a mangala ko amalanke, a zube tsibi-tsibi a gona kafin ruwan shuka. Mai hali kuma ya shirya da Fulani, shanu su riƙa kwana a gonarsa bayan girbi, ya sallame su da damin hatsi. Tun shekarun 1960 masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya rubuta yadda jakuna ke shiga Kano da itace su fito da taki, abin da ya sa gonakin kewayen birni ke nomuwa kowace shekara ba hutu. Al'adar tana nan. Gyaran da take bukata shi ne na yadda muke ajiye takin, domin ƙarfinsa na zubewa tun bai isa gona ba.

Dubi jujin ƙofar gida. Rana na dukansa, iskar hunturu na busar da shi, naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, yana bin iska. In ya yi yawa a cinna masa wuta, unguwa ta turnuƙe da hayaƙi, masu asma da ƙananan yara su kwana suna tari. Wanda ya tsira daga wuta kuma cike yake da leda, fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Leda ta je gona ta tare ruwa da saiwa, akuya ta ci ta kumbure. Ɗanyen kashin dabba kuwa da irin ciyawa yake tafe, wani lokaci har ya ƙone shuka.

Maganin wannan rami ne. A samu inuwa, nesa da rijiya, a haƙa rami mai zurfin kusan mita 1. A ƙasarmu rami ya fi tsibi, saboda tsibi ba ya riƙe laima da rani. A fara shimfiɗa busassun kaya: karan da aka sassara, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, ganyen da aka share. A bi su da kashin awaki, na shanu ko na kaji, da ɓawon kayan miya da ragowar abinci. A barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake hawa na biyu, haka har ramin ya cika, sannan a rufe da tsohuwar tabarma ko ciyawa. Toka a sa ta kaɗan, domin in ta yi yawa korar naitirojin take yi. Ruwan wanke hatsi da na alwala sun wadatar. Ma'aunin laima a hannu yake: ka damƙi takin, ya dunƙule amma kada ruwa ya tsiyaya.

A soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki a zaro ta a taɓa. In da ɗumi da laima, aiki na tafiya, ƙananan halittun da ido ba ya gani sun kama ci. Zafin yakan kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, wanda ke kashe akasarin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sandar ta fito a bushe a ƙara ruwa, in ta fito da ɗoyi ruwa ya yi yawa, sai a ƙara busasshen kara. A riƙa juyawa duk mako biyu don iska ta ratsa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Wanda ya haɗa bayan kaka, takinsa ya nuna kafin shuka.

Ƙasar jigawa kamar rariya take, ruwa na sauka yake wucewa, ya tafi da takin zamanin da aka saya da tsada, musamman tun tashin farashinsa a 2022. Nunannen taki shi ke riƙe ruwan da abincin shuka a inda saiwa za ta same su, shi ya sa gonar da ta sha shi ta fi jure tsayawar ruwa. Yana kuma kama ƙasa, abin da gonakin gangaren duwatsun Kazaure da Roni ke bukata saboda zaizaya. Ƙuduji ma a gajiyayyiyar gona ya fi samun gindin zama. Ba a ce a yar da buhun NPK ko yuriya ba. Haɗa su da takin gida ne ke sa kaɗan ya yi aikin mai yawa.

Wani zai ce rami ɗaya ina zai kai a gona? Maƙwabtanmu sun amsa wannan. A yankin Tawa ta Nijar, manoma na haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba tafi ɗaya ko biyu na taki a kowane, su shuka gero a ciki. Da irin wannan dabara marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da faƙon da aka fid da rai da shi, har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A gindin shuka ake sa taki in ya yi kaɗan, ba a watsa shi.

Amfanin bai tsaya a gona ba. Sharar da ta shiga rami ba za ta toshe kwata da damina ba, balle ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, ko ya ci gindin katangar ƙasa. Ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon rake da kashin dabbobin kara da ake tarawa ranar kasuwa a Babura ko Kazaure kaya ne da ƙungiyar matasa za ta iya nunarwa ta sayar wa masu lambu a bakin dam ɗin Kazaure. Masu unguwanni su ware fili, malaman gona na hukumar noma ta jiha, JARDA, su nuna yadda ake yi, limamai su yi tuni a kan tsafta. A cikin gida kuwa aikin na farawa da bokiti biyu a madafi: ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da kwalba.