Taron Da Babu Babban Baƙo: Masu Kula Da Littattafai Sun Haɗu A Gusau

Duk wanda ya saba zuwa taro a ƙasar nan ya san yadda ake yi: a jera manyan kujeru, a jira babban baƙo har rana ta take, a karanta jawabi, a watse. Amma taron masu kula da ɗakunan karatu da muka halarta a Gusau ya sha bamban. Babu shugaba, babu tsarin jawabai. Allo da alli kawai muka tarar, da bencina da aka jera a zagaye. Aka ce duk mai wata damuwa ya tashi ya rubuta ta, waɗanda abin ya shafa kuma su bi shi gefe guda su tattauna.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen, limamin Anglikan, shi ya fito da shi a 1985, bayan ya lura cewa mahalarta wani babban taro da ya shirya sun fi ƙaruwa da hirar lokacin shan shayi bisa ga jawaban da aka karanta musu. Ƙa'idarsa ita ce, in ba ka ƙaruwa kuma ba ka ƙarar da kowa a inda kake zaune, ka tashi ka koma wani rukuni. A 2006 ma'aikatan laburare suka yi irinsa a garin Ann Arbor na Amurka.

Mu dai kabad ɗaya muke riƙe da shi a ikkilisiyarmu, saboda haka da kunya muka shiga cikin ƙwararru masu digiri. Amma da muka rubuta cewa gara na cinye mana littattafai, sai ga mutane sun kewaye mu, Musulmi da Kirista. Wata malama daga Tsafe ta koya mana janye kabad daga jikin bango, a ɗora shi kan bulo, a sa busasshen ganyen darbejiya tsakanin littattafai. Wani dattijo daga Bungudu ya nuna mana rajistarsa ta aro, inda yake rubuta sunan yaro da na mai tsaya masa, don kada littafi ya tafi ke nan.

Maganar da ta fi taɓa mu ita ce ta watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe makarantun Zamfara, aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. A kwanakin nan yaron da ba shi da littafi a gida bai da abin karantawa ko kaɗan. Wannan ya sa rukuninmu ya yi shawarar a riƙa musayar akwatin littattafai tsakanin garuruwan uku ta hannun direbobin da aka amince da su.

'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada mu jira wani ya taso daga Abuja kafin mu gyara kabad ɗinmu. Muna roƙon kowace ikkilisiya ta naɗa mutum guda mai kula da littattafanta, ta ba shi rajista, ta kuma biya masa kuɗin mota in an kira taro na gaba. Allah ya taimake mu.