3.4 Gwargwadon Ƙwaƙwalwar Aiki da Kwamfutar Gida Take Bukata

A sashen da ya gabata an yi bayanin sassan kwamfuta da aikin kowanensu. A nan kuma za a duba yadda mai sayen kwamfuta don amfanin gida zai gane gwargwadon ƙwaƙwalwar da za ta ishe shi, musamman idan aikinsa mai nauyi ne, kamar tace fim.

Da farko ya kamata a warware wani ruɗani da ya shafi harshe. Kalmar "memori" da Hausawa suka aro, a bakin yawancin jama'a tana nufin ɗan katin nan da ake sa wa waya don ajiye hotuna da waƙoƙi. Ba shi ake nufi a nan ba. Abin da ake magana a kai shi ne wanda masu gyaran kwamfuta suke kira "ram", wanda a wannan nazari aka kira ƙwaƙwalwar aiki. Bambancinta da ma'ajiya kamar bambancin turmi da rumbu ne. Rumbu yana riƙe hatsin shekara, amma abin da turmi ya ɗauka shi kaɗai ake dakawa a lokaci guda. Haka kuma duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki yana gogewa da zarar na'urar ta mutu, shi ya sa ɗaukewar wuta take cinye aikin da ba a adana ba.

Idan ƙwaƙwalwar ta cika, kwamfuta ba ta tsayawa cak. Sai ta riƙa kwashe wani ɓangare na aikin tana kai shi ma'ajiya, tana ɗauko shi idan an neme shi. Da yake ma'ajiya ba ta kai ƙwaƙwalwa sauri ba ko kusa, wannan kai-komo shi ne nawar da mai aiki yake gani, har ya ɗauka na'urar ta tsufa.

Bukatar kuwa ta sha canzawa. Windows 95 tana iya tashi da megabait 4 kacal, amma Windows 11 da ta fito a shekarar 2021 ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4, watau wajen ninki dubu ke nan. Wannan adadi kuma na tashin na'urar ne kawai, ba na yin aiki cikin walwala ba.

Nauyin ayyuka ma ba ɗaya ba ne. Rubutu zalla na kundi mai shafi 100 bai kai megabait 1 ba. Hoto mai motsi kuwa lamarinsa daban ne. Alal misali, hoto guda mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana cin wajen megabait 6 idan an warware shi. A tsarin da ake nuna hotuna 25 cikin daƙiƙa guda, ana maganar fiye da megabait 150 ke nan a kowace daƙiƙa. Wanda ake kira 4K ya ninka wannan sau huɗu. Saboda haka ne kamfanin Adobe ya ba masu tace fim da manhajarsa ta Premiere Pro shawarar gigabait 16 ga na farko, da 32 ga na biyu.

Bisa ga wannan, mai bincike yana ganin gigabait 8 za su wadaci mai rubutu da leƙa intanet, 16 su dace da mai tace fim ko haɗa sauti, 32 kuma sai ga wanda 4K ce sana'arsa. Ƙwaƙwalwar da ba a taɓa cikawa ba ta ƙara sauri, kuɗi kawai take ci. Hanyar ganewa ita ce mutum ya buɗe dukkan manhajojin da yakan yi aiki da su a lokaci guda, sannan ya duba Task Manager. In ya ga ma'aunin yana dab da cika, to, lallai akwai bukatar ƙari.

Sai dai ƙarin ba koyaushe yake yiwuwa ba. Wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka an liƙe musu ƙwaƙwalwar a jikin allonsu, ba a iya cirewa ko ƙarawa. Bugu da ƙari, nau'in DDR5 ba ya shiga gurbin DDR4. Don haka mai sayen ta hannu ya kamata ya sa a buɗe masa bayanta ya ga gurbin da idonsa kafin ya biya kuɗi.