Daga tashe zuwa Toto: Me ya sa yara ke jin daɗin yi wa malam dariya?

Da zarar azumi ya kai kwana 10, yara a ƙasar Hausa sukan fito tashe bayan shan ruwa, har da garuruwan jihar Maraɗi irin su Agye, Gazawa da Tsibirin Gobir da ke gundumar Gidan Rumji. A ɗaya daga cikin wasannin, yaro kan naɗa rawani, ya liƙa gemun auduga, ya rungumi allo. Abokansa na tuhumarsa da yin rawa, shi kuwa yana musantawa alhali jikinsa na kaɗawa.

Wanda ya fahimci wannan wasa ya riga ya gano sirrin barkwancin zane na yara masu tsokanar manya, irin wanda matasa ke turawa juna a WhatsApp. Abin dariyar shi ne tazarar da ke tsakanin abin da babba ke faɗa da abin da yake aikatawa.

Salon ya daɗe a duniya. A 1865 Bajamushe Wilhelm Busch ya wallafa Max und Moritz, inda yara biyu suka ɗura wa malaminsu albarushi a lofe. A 1951 mujallar Beano ta Birtaniya ta fito da Dennis the Menace, sannan a 1964 Quino na Ajantina ya ƙirƙiro Mafalda, yarinyar da tambayoyinta ke ɗaure wa iyayenta kai. Wanda ya yi lakwal a Nijar kuwa ya san Toto, ɗalibin da amsarsa ke ƙure mushe a gaban aji.

Yawanci zanen kan zo gida uku ko huɗu. Babba ya kafa doka, yaro ya bi ta kalma bayan kalma, a gidan ƙarshe dokar ta juya kan mai ita. Yaron bai yi zagi ba, maganar malam ce ta kama malam.

Wasu iyaye, musamman masu renon 'ya'ya a ƙasashen waje, na fargabar irin wannan raha za ta koya wa yara raini. Sai dai Bahaushe ya daɗe da buɗe mata ƙofa: jika na tsokanar kaka, Gizo na yi wa zaki wayo a tatsuniya, kuma a 2014 UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin al'adun gado na duniya.

Bambancin shi ne tashe yana da lokaci da iyaka, washegari yaron da ya kwaikwayi malam zai durƙusa ya gaishe shi. Zanen waya kuwa ba shi da wata, ba shi da dattijon da zai tsawatar. Shi ya sa ya fi amfani uba ya zauna su karanta tare da ɗansa, ya tambaye shi: a nan wa ya yi kuskure, malam ko yaro?